Gawon da Bai Kai ga Inuwa Ba

Ragon layya ne ya tono mini wannan zance. Jikana ya sayo shi tun cikin rani, ya ɗaure shi a kusurwar tsakar gida, inda siminti ya tsage kusa da magudanar ruwa, yana sayo masa 'ya'yan gawo a kasuwa cikin leda. Salla ta zo, aka yanka rago, aka ci, aka manta da shi. Da ruwa ya sauka, wata safiya ina alwala sai na ga wasu 'yan tsirrai sun leƙo daga cikin tsagar nan. Tun ban sa tabarau ba na gane su: ganye biyu masu kauri kamar kunnen ɓera, a tsakaninsu wani ɗan ganye mai tsaga-tsaga kamar gashin tsuntsu. Matar jikana ta zo da tsintsiya, na ce ta dakata. Ta ce, "Hajiya, ciyawa ce fa." Na ce ba ciyawa ba ce. Ta tsaya tana jiran bayani, ni kuwa bayanin ya yi mini tsawo, don farkonsa yana can wata gona da babu ita yanzu.

A Birni aka haife ni, cikin Damagaram, a wani lungu da duwatsu suka matse shi har jaki mai kaya ba ya wucewa sai an sauke masa. Mahaifina baduku ne, gidanmu kullum warin fata da bagaruwa. Ni yarinya ce marar magana. In baƙo ya shigo sai in maƙale bayan randa, in ƙura wa tururuwa ido har ya fita. Da aka zo neman 'ya'ya mata da za a sa lakwal, wato makarantar boko, ina jin don shirun nan ne aka miƙa ni, an san ba zan yi ihu ba. A aji ma ban canza ba. Malaminmu, wanda muke kira Mushe, wato malam da Faransanci, mutumin bakin teku ne, Hausarsa a karye, amma yana da haƙuri. Wata rana ya sa kowa ya kawo gwangwanin madara da ƙasa da ƙwayar wake. Muka jera su a bakin taga muna ba su ruwa. Na ga yadda wake yake kumbura, ya tsage riga, ya zura farar saiwa ƙasa, ya ɗago kai a sunkuye kamar mai jin kunya. Duk abin da aka koya mini a shekarar, wannan ne kaɗai ya shiga raina. Na ɗauka na gama sanin sirrin tsiro: ƙwaya, ƙasa, ruwa, shi ke nan.

In an ba mu dogon hutu, wanda yake faɗowa daidai damina, sai a tura ni wurin kakata ta wajen uwa, a wani ƙauye wajen Durum. Iya muke ce mata. Kawuna, ɗanta na fari, shi yake zuwa da jaki ya ɗauke ni. Yaran yanzu da suke ratsa hanyar nan a kan babur ba za su san yadda take a da ba. Kana barin duwatsun gari sai gonaki su buɗe, ko'ina kore shar, sai kukan kurciya da ƙarar hauya cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. A cikin koren nan kuma ga itatuwan gawo tsaye, farare, tsirara, ba ganye ko ɗaya, kamar tsofaffin da suka fito jana'iza. Gawo haka yake: lokacin da kowane icce yake murna da ruwa, shi sai ya zubar da ganye, in rani ya ƙone duniya, sai ya yi kore shi kaɗai. Iya takan ce, "Gawo dattijo ne, ba ya wawaso da yara. Sai kowa ya sha ya ƙoshi yake sa baki." Takan kuma ce a zamanin wani sarkin Damagaram na da, wanda ya sare gawo da ransa yake biya. Ba ta faɗin haka da tsoro, da alfahari take faɗi, kamar sarkin ɗan'uwanta ne.

A tsakiyar gonar gidan akwai wani gawo da ya fi duk na yankin girma. Ganyen da yake zubarwa farkon damina taki ne, dabbobin da suke kwana a inuwarsa da rani su ma suna barin nasu, don haka hatsin gindinsa ya fi na ko'ina tsayi da kaurin zangarniya. Nan ne gamanar Iya, wato ɗan yankin da ake yanka wa mace ta noma nata na kanta. Kakana, wanda ban tarar ba, bai kafa mata dutse ko turke ba. Cewa ya yi, "Duk inda ganyen gawon nan ya zuba, naki ne." Iyakar ke nan, kuma ba wanda ya taɓa musu. Daga nan take cika ɗan rumbunta da ke bayan ɗaki. Daga rumbun nan take dama fura ta ba matafiyi, ta auna wa maijego, ta aika wa mahaifiyata a Birni, ba ta tambayi kowa ba. Ta sha gaya mini cewa wata shekarar yunwa, kafin a haifi uwata, duk gonar ta ƙone sai gindin gawo, da shi ta raya 'ya'yanta.

Akwai wani abu tsakanin Iya da Kawu da sai na bayyana, don 'yan yanzu sun daina. Shi ɗan fari ne, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta duban idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Tun ranar da ta haife shi haka ne. In tana son abu a wurinsa, sai ta nemi wani na kusa ta bi ta kansa. In ina nan, ni ce hanyar. Yana tsaye a gabanta za ta juyo gare ni ta ce, "Madam," don haka take tsokanata saboda takalmin lakwal, "gaya wa wancan mutumin shingen awaki ya faɗi." Ni kuwa bakina ba ya buɗuwa, sai in sunkuyar da kai. Kawu sai ya yi dariya ya ce, "'Yar Birni, gaya wa Iya na ji." Ba na faɗin komai, amma saƙo ya isa. Iya takan ce ba ta taɓa samun ɗan aike mai amana kamata ba, ba na ƙarawa, ba na ragewa.

Wata shekara na iso na tarar da sarari a tsakiyar gona. Guguwar farkon damina ta kayar da gawon. Ashe cikinsa ya daɗe da zama kogo. Kafin in zo an sassare shi, an yi turame da wani sashe, an ƙone saura, ba abin da ya rage sai rami da baƙar toka. Gonar ta zama kamar fuskar da aka cire wa hanci. Iya ta rame, amma ba ta yi mini zancen ba sai washegari, da ta sa ni na hau rumbunta na sauko da wani tsohon kwando. Cike yake da 'ya'yan gawo, jajaye-jajaye, a nannaɗe kamar kunnen mutum, in ka girgiza su suna kacau-kacau. Ta tsince su ne da rani don akuyarta Kyalla. Ta ce, "Waɗannan su ne na ƙarshe da ya haifa. In ɗansa ya tsaya a gurbinsa, gamana tana nan. In bai tsaya ba, wata rana za a ce ba a san inda ta fara ba."

A ganina wannan aikin nawa ne. Na fasa kwanso, na fitar da ƙwayoyin, masu santsi, launin ƙasa-ƙasa, na samo fasasshen ƙoƙo na cika da ƙasa, na binne su, ina ba su ruwa safe da yamma kamar yadda Mushe ya nuna. Na jira kwanakin da in da wake ne da ya yi reshe. Ba abin da ya motsa. Na tona na duba, suna nan yadda na sa su, kamar tsakuwa. Iya tana kallona duk kwanakin nan tana kaɗi. Sai da ta ga idona ya kawo ruwa ta ce, "Madam, kawo nan." Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta sa a ɗan haƙorin da ya rage mata, ta nuna mini ba ta fasuwa. "Rigarsa ta ƙarfe ce. Ruwan sama ba ya ratsa ta. Gawo ba ya fita daga hannun mutum, sai ya bi ta cikin dabba, wutar ciki ta lasar masa rigar, a ajiye shi tare da guzurinsa. Kin taɓa ganin wanda ya shuka gawo? Akuya ce take shukawa, saniya ce take shukawa. Namu kawai mu gane shi in ya fito, mu kauce masa da hauya."

Haka aikina ya koma bin akuya. Da damina dabbobi a ɗaure suke don kada su shiga shuka, saboda haka kullum da safe sai in zuba wa Kyalla 'ya'yan gawo, in tsuguna ina jin yadda take ƙurmusa su, ƙurus-ƙurus, tana lumshe ido. Washegari in share kashinta a ƙwarya, in ɗora a kai, in bi Iya zuwa gona, mu watsa a bakin ramin nan. Yaran ƙauye suna bi na da waƙa, wai 'yar lakwal ta zo tallan kashin awaki. Iya ta juya ta ce, "Ku zo ku saya mana, ubanninku ma da shi suka girma." Wani lokaci nakan sa tsinke in fasa ƙwallon kashi ɗaya, in ga ƙwayar a ciki, ta yi laushi, ta ɗan kumbura, launinta ya dushe. Da aka yi wani ruwa mai nauyi, muka zo da safe muka tarar sun fito, da yawa, kowanne da kunnuwansa biyu. Iya ta durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa ta daɗe ba ta tashi ba. Ban taɓa jin ta yi wa mutum marhabin da ta yi wa tsirran nan ba.

Amma fitowa daban, tsayawa daban. Fara ta ci wasu. Gara ta yanke wasu daga ƙasa. Wasu ruwa ya binne su da yashi, wasu kuma suka bushe haka kawai ba dalili. Kullum in na zo sai na ga an ragu. Wata rana na tona gefen wani da ya mutu don in ga abin da ya same shi. Samansa bai kai ɗan yatsana ba, amma na yi ta tona, saiwar tana tafiya, siririya kamar zare, har hannuna ya shige zuwa kafaɗa ban kai ƙarshenta ba. Na nuna wa Iya. Ta ce, "Ai shi ƙasa yake fara tafiya. Sai ya taɓa ruwan da ba ya ƙafewa sannan yake tuna sama. Abin da kike gani a waje, ɗan aike ne kawai." Kafin hutu ya ƙare saura ɗaya tak, a gefen ramin ta gabas. Muka kife masa wuyan fasasshen tulu, muka kewaye shi da ƙaya. Ranar da zan koma Birni na je na tsaya a kansa, na rasa abin da ake ce wa icce, na dawo.

Ya rayu. Da na dawo wata daminar ya kai gwiwata, ya yi rassa barkatai masu fararen ƙayoyi. Iya ta sa wuƙa ta rage su ta bar guda ɗaya miƙaƙƙe, ta ɗaura masa tsumma don masu noma su gani. Wata shekarar ya kai ƙirjina. Duk wanda ya zo daga ƙauye, kafin ya sha ruwa mahaifiyata za ta tambayi lafiyar Iya, ni kuma in matsa kusa in jira, don na san Iya ta ba da saƙo: a gaya wa Madam ya kai kaza. Tana ci gaba da noma kewayensa, daidai faɗin da tsohon yake rufewa, ko da yake hatsin ya fara ƙanƙancewa. Kawu bai hana ba.

Sai dai duniya tana juyawa a lokacin. Gyaɗa ta shigo da ƙarfi, masu saye suna kafa sikeli a kasuwanni, kowa yana faɗaɗa gona. Ga kuma wata doka da ta zo tun kafin gawon ya faɗi, wai manyan itatuwan daji da na gona duk na gwamnati ne, ba a taɓa su sai da izini. Kawu ya ɗanɗana ta. Wani rani da ciyawa ta ƙare, ya hau gawon ubansa ya datso rassa don awaki, kamar yadda ubansa da kakansa suke yi. 'Yan gandun daji suka biyo ta nan, suka ƙwace gatarinsa, suka tsayar da shi a rana a bakin kasuwa, gaban surukansa da 'ya'yansa. Kawu mutum ne mai fara'a, amma in aka ambaci ranar nan sai fuskarsa ta rufe. Tun daga lokacin manoman yankin suka ɗauki wata dabara: icce in ya girma ya zama na gwamnati, ya zama tarko a gonarka, to gara kada ya girma. Mutanen da iyayensu suke kauce wa ɗan gawo da hauya, sai ga su suna nemansa suna fille masa kai tun yana ƙarami.

Shekarar da ɗan gawon ya kai tsayina, ruwa ya yi jinkiri, na iso ba a yi shuka ba. Na tarar da bijimai biyu a ƙofar gida da garmar shanu, abin da ban taɓa gani ba. Kawu ya karɓo aro, zai zuba gyaɗa a gonar gaba ɗaya. Iya kuwa ƙafafunta sun kumbura, da sanda take fita. Da hantsi, ranar da aka kwana da ruwa, ya shigo ya tsuguna nesa da tabarmarta. Matarsa tana daka, yara suna wasa, ni ina tsince wa Iya hatsi a ƙwarya.

Ya ce, "'Yar Birni, gaya wa Iya garma ba ta san kwana ba. Miƙe take tafiya."

Iya ta ce, "Madam, gaya masa gonar da faɗi. Ya miƙe ta wani wajen."

"Gaya mata ta tsufa da noma. Ta huta. In ina da rai ba za ta kwana da yunwa ba."

"Gaya masa tuwon da aka miƙo maka da wanda ka ɗebo a rumbunka ba ɗanɗanonsu ɗaya ba."

Matar Kawu ta rage ƙarfin taɓarya. Kawu ya yi ta zane a ƙasa da tsinke, sannan ya ce, "Gaya mata iccen nan baɗi zai wuce kaina. Daga ya wuce, ba nata ba ne, ba nawa ba ne. In akuya ta karya reshe, ni za a tsayar a rana. Sau ɗaya ya ishe ni."

"Gaya masa ubansa ya ce duk inda ganyen ya zuba..."

"Na gawon da ya faɗi ya ce!" Bai taɓa ɗaga murya a gabanta ba. Shi kansa ya razana. Ya miƙe, ya ɗauki gatari a jikin danga, ya nufi ƙofa.

A nan ne Iya ta yi abin da ba a taɓa ji ba. Ba ta dube ni ba. Ta ɗaga kai ta dubi bayansa, ta ce, "Habu."

Taɓarya ta tsaya. Yara suka yi tsit, ko da yake ba su san dalili ba. Ni kaina sai a ranar na ji yadda sunan yake a bakinta, a hankali, kamar tana taɓa wani abu mai zafi. Mutum mai furfura a gemu, bai taɓa jin uwarsa ta kira shi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai juyo ba. Ta ce, "Habu, bar mini shi." Ya daɗe a tsaye, har na ɗauka zai ajiye gatarin. Sai ya sa gefen rawani ya share fuska, ya fita.

Na bi shi daga nesa, ban san me ya sa ba. Na ga ya janye ƙayar da muka kewaye, ya kwance tsumman ya sa a aljihu. Ya durƙusa ya kau da yashi daga gindin da hannunsa, kamar mai neman wani abu da ya faɗi. Sara ɗaya ya yi. Ya mai da yashi ya rufe wurin, ya daddanna da tafin hannu. Da ya ɗago ya gan ni, bai ce in gaya wa kowa komai ba.

Na dawo na zauna a gefen tabarma. Iya ba ta tambaye ni ko ya sare ba, fuskata ta gaya mata. Can ta ce, "Sara ya yi, ko tonowa?" Wannan karon dole in buɗe baki. Na ce, "Sara." Ta ce, "Saiwar fa?" Na ce, "Ya rufe ta da ƙasa." Ta yi ajiyar zuciya ta kwanta, ta juya fuska ga bango. Ta ce, "To. Wanda bai tona ba bai kashe ba. Shi ma ya sani."

Gyaɗa ta yi kyau a shekarar. Kawu ya cika alkawari, kwanon Iya ne ake fara zubawa, har nama yake sayo mata ran kasuwa. Amma ɗan rumbunta ya zauna wayam, kaji suka mai da ƙarƙashinsa wurin kwana. In matafiyi ya yi sallama ya nemi fura, sai ta yi kamar barci take, don ba ta iya cewa a je a tambayi matar gida. Ba ta sake kiran sunan Kawu ba, ba ta kuma sake aika ni wurinsa ba. Cikin ranin da ya biyo aka aiko mana Birni cewa ta rasu. A lokacin gawo ko'ina ya yi kore.

Ba a daɗe ba aka ce an sami mulkin kai. A lakwal aka koya mana sabuwar waƙa, aka ɗaga sabuwar tuta, aka raba mana alewa. Da na je hutu, na tattara duk ƙarfin halina na tambayi Kawu, tun da Nasara sun tafi, yanzu icce na wa ne? Ya dube ni ya yi wani murmushi marar daɗi. Ya ce, "Nasara ne suka tafi, 'yar Birni. Kin ga kakin 'yan gandun daji ya tafi?" A daminar nan na je wurin, na tarar da toho ya fito daga ƙarƙashin yashi, rassa huɗu ko biyar, da fararen ƙayoyinsu. Kawu ya sare su wajen sharar gona. Baɗi suka sake fitowa, ya sake sarewa. Haka suka yi ta yi, shi da gawon, har na yi aure, har na haihu, har ya tsufa 'ya'yansa suka karɓi gatarin. Sun ce ya hana su abu ɗaya: kada wanda ya sa magirbi a wurin. Bai bar shi ya tashi ba, bai kuma yarda a kashe shi ba. Da ya rasu aka sami wani tsohon tsumma a cikin jakar layunsa, ba wanda ya san na mene ne sai ni.

Shekarun baya kaɗan na sa aka kai ni ƙauyen. A hanya na ga abin da ya ba ni mamaki: gawo ya dawo a gonakin mutane. Bayan fari da yunwa da iska mai binne shuka, an sassauta dokar, mutane sun koma kauce wa toho. Matasan itatuwa ne tsaye ko'ina, da yawansu daga tsofaffin saiwoyin da aka yi ta sarewa suka tashi. Na ce ashe maganar Iya za ta tabbata. Da muka isa, ban gane wurin ba. Jikokin Kawu sun sayar da gonar, masu gini a gari suna ɗibar yashi a ciki. Rami ne wawakeke, motoci suna shiga suna fita. Na sa aka riƙe ni na sauka. A jikin bangon ramin ta gabas na gan ta: saiwa, kaurinta ya kai cinyar babban mutum, an datse ta, ta bushe, tana rataye a iska. Duk shekarun da ake sare shi a sama, ashe a ƙasa girma yake yi, yana jira. Ƙasan ramin ma ba ƙarshenta ba ne, guntunta ya ci gaba da nutsawa inda ba mai gani. Wani mai lodi ya ce mini, "Hajiya, a matsa, mota za ta juyo." Na matsa.

Tsirran tsakar gidanmu yanzu saura ɗaya. Babu fasasshen tulu a gidan nan, sai na sa aka yanke wuyan bido, jarkar nan ta roba, na kife masa. Ba ya dasuwa, in ka cire shi saiwar ta tsinke shi ke nan, don haka inda rago ya ajiye shi nan zai zauna. Jikana ya zo ya tsaya a kansa, ya ce, "Hajiya, wannan fa in ya girma zai fasa mana siminti, ya shiga ƙarƙashin ɗaki." Gaskiyarsa ne, kuma gidan nasa ne. Na san ba zan ga inuwarsa ba, na kuma san abin da za a yi ranar da aka fitar da ni ta ƙofar nan. Ban roƙe shi ya bar mini shi ba, na ga inda irin wannan roƙon yake ƙarewa. Na dai kira sunansa, ya juyo, na ce, "In za ku sare, ku sare. Kada ku tona."